Takwara Ba Ta Biyan Haya

Guɗar daga ƙofar gida ta taso, inda maza suka shafa fatiha, ta bi siririn lungun da ya raba ɗakunan haya, ta faɗo tsakar gida. Rahinatu na zaune a kujerar roba da kofin koko a hannu, ba ta ji sunan da liman ya raɗa ba. Ba ta ma buƙaci ji ba. Da ta ga matan gidan sun juyo gaba ɗaya suna dubanta, kowa haƙori a waje, sai gabanta ya faɗi.

Mulikatu, kakar jaririyar ta wajen uwa, ita ta fara isowa, gyale ɗaure a ƙugu, tana rawa tana haki.

“Mma Nas! An yi maka takwara!” ta ce, da Hausarta ta Zongo wadda ba ruwanta da raba mace da namiji. Mma Nas, haka duk unguwa ke kiran Rahinatu, ungozomarsu. “Rahinatu ƙarami ya zo! Tashi ka taka, yau ranarka ne!”

Kafin ta ajiye kofin an ɗora mata jaririyar a cinya, naɗe cikin farin shawul mai ƙamshin hoda. Duk tsakar gidan nan babu wanda ya san ’yar nan kamar ita. Ita ta tare ta da hannunta a gidan haihuwarta da ke unguwar Maamobi a Accra, ita ta hura mata numfashi da ta fito shiru ba kuka. Ita kuma ta tsaya a kan uwar, Fulera, da jini ya ɓalle, ta ƙarar mata da ledojin ruwa da allurar tsayar da jini da suka rage a firij. Da aka samu kanta, mijin, Mutala, ya durƙusa a bakin ƙofa yana share hawaye da gefen riga. “Mma, bari a yi suna,” ya ce. “Ni da ƙafana zan zo da kuɗin, ba sai ka aiko ba.”

To ga suna an yi. Duk wanda ya tashi a unguwar nan kuwa ya san abin da takwara take nufi. Wadda aka yi wa takwara ta zama uwa, uwa kuma ba ta bin ’yarta bashin haihuwa. Ita ce ma za ta kawo: ’yan kunne, turmin atamfa, sabulu, da abin da ya sauwaƙa. Rahinatu ta dubi ƙaramar fuskar, ta yi murmushin da ake jira, ta ce Allah ya raya. Sannan ta buɗe jaka, ta zaro kuɗin da ta ware don sayen wutar mita, ta cusa su a cikin shawul. Guɗa ta sake tashi.

Da za ta fita ta ga raguna biyu a rataye ana feɗewa. Samari na kafa kanofi a bakin titi, wasu na sauke manyan lasifikoki daga mota. Tela ya iso da sauran ɗinkunan yayi, leshi ruwan goro da duk matan dangi da ƙawaye za su saka bai ɗaya da yamma. Ita ma nata na jiranta a gida. Tun cibiyar jaririya ba ta faɗi ba aka aiko mata da shi, tare da farashinsa.

Ba haka abin ya fara ba, kuma wannan ne ya fi ci mata rai. Shekarun baya, lokacin da ta bar asibitin gwamnati ta tattara kuɗin sallamarta ta buɗe gidan haihuwa, wani mai gyaran takalma ya sa wa ’yarsa sunanta, bayan ya biya kuɗinsa cif. Ranar Rahinatu ta yi kuka a gaban jama’a har gyalenta ya jiƙe. Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta karɓi ’ya’yan mutane ba adadi, ita kuwa ko ɓari ba ta taɓa yi ba, har mijinta Sharfuddeen ya koma ga Mahaliccinsa. Mutane suka ga kukan nan. Zongo tana iya manta alheri, amma ba ta manta inda mutum yake da taushi. A hankali Rahinatoci suka yi ta ƙaruwa daga Maamobi har Nima. In namiji aka samu ma ba a rasa dabara ba, sai a ce an mayar da marigayi, a raɗa masa Sharfuddeen. Wasu don ƙauna suke yi, ta sani. Wasu don toshe baki. Yanzu ba ta iya bambancewa, har ta fara jin tsoron sunanta.

*

Gidan haihuwar ɗakuna huɗu ne a gaban gidan marigayi Alhaji Sulemana, da koren fenti wanda damina ta cinye rabinsa. Ba abin kallo ba ne, amma matan unguwa sun san darajarsa. Tsakanin ɗakin mace da ƙofarsa tafiyar ƙafa ce. Ba sai an nemi tasi an shiga cunkoson titi da naƙuda ba, ba kuma layin da za a bi.

Sai dai gidan haihuwa ciki gare shi, kuma ba ya azumi. Mita na cin kuɗi ba hutu saboda firij, don allurar tsayar da jini ba ta jure zafi. Famfo ya fi yin shiru a kan magana, dole a kira tankar ruwa. Ga mai kwashe sharar asibiti, wadda ba a zubarwa a kwata kamar ta kowa. Ga sabunta lasisi. Ga mai kawo magani daga kasuwar Okaishie, wanda a da yake ajiye kwali ya ce sai ya dawo, yanzu kuwa sai ya ga kuɗi a tafin hannu yake kwance igiyar babur, don shi ma a can ba a ɗaga masa ƙafa. Ga kuma Fa’iza, matashiyar ungozoma mai takardar makaranta da suke karɓa-karɓa da ita, wadda ta manta rabon da ta ga albashinta a dunƙule.

Da Rahinatu ta dawo daga suna, tsaye ta same ta a gaban mita, hannu a ƙugu.

“Mma, ina kuɗin wuta? Tun safe abin nan yake kuka.”

Rahinatu ta ajiye ƙullin naman suna a kan tebur. Fa’iza ta dubi naman, ta dubi fuskarta.

“Kar ki gaya mini.”

“An yi.”

“Ebei!” Fa’iza ta tafa hannu. “Wannan ta nawa ke nan? Mma, ni fa ba na ƙin al’ada. Amma takwara ba ta shiga mita. Mai magani ba ya karɓar takwara. Mutumin da ya yanka rago biyu, shi ne ba shi da kuɗin ruwan da aka ƙara wa matarsa?”

“Da wane baki zan tambaya, Fa’iza?”

“Da bakin da kika ce masa matarka ta tsira. Kunyar marar kunya fa asara ce, Mma.”

Bayan tiya, wai, akwai wata caca. Ba su rufe baki ba aka yi sallama. Abdulmajeed ne, babban ɗan marigayi Alhaji Sulemana, wanda yake riƙe da gidan a madadin magada. Ya tuɓe takalmi a inda ba a saba tuɓewa ba, ya rusuna, ya gaishe ta, ya tambayi jiki, ya tambayi aiki, ya sake tambayar jiki. Rahinatu ta daɗe a duniya, ta san gaisuwa in ta yi tsawo haka akwai abin da ke bayanta.

“Mma, dangi ne suka zauna,” ya ce, idonsa a kan siminti. “Hayar da kika biya ta kusa ƙarewa. Sun ce wannan karon na shekara biyu suke so a dunƙule, yadda kowa yake yi a Accra, kuma da sabon farashi. Akwai wani mai sayar da firij da talabijin da ya zo da kuɗinsa a hannu. Ni na ce ba za a amsa masa ba sai an fara jin ta bakinki.”

Ya faɗi adadin a hankali, kamar mai faɗin rasuwa. Rahinatu ta dafa gefen tebur. Ta yi masa godiya, ta ce ya gaishe da mutanen gida. Bayan fitarsa mita ta ci gaba da kukanta.

*

Ta ɗauki kwanaki tana juya maganar a bakinta kafin ƙafarta ta yarda. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibiya. Ta sa mayafi, ta gangara babban titin Nima, inda Mutala yake da rumfar faci da tsofaffin tayoyi. Motocin haya na trotro na ta hon, yaran mota na kiran fasinjan unguwar Madina, hayaƙi na shiga ido.

Yana hango ta ya zabura, ya kakkaɓe benci da hularsa, ya sayo mata ruwan sanyi.

“Mma! Takwaranka yana lafiya, yana shan nono paa! Kowa ya ce idonka ya ɗauko.”

Ta yi dariyar dole. Ta tambayi Fulera, ta tambayi ko tana shan maganin ƙarin jini. Ta ji kanta tana jan gaisuwa irin ta Abdulmajeed, ta ji haushin kanta. Daga ƙarshe ta runtse ido ta sako ta.

“Mutala, maganar da ka ce bayan suna.”

Murmushin ya zame daga fuskarsa. Ya zauna a kan taya, ya sa kai tsakanin gwiwoyi.

“Wallahi ban manta ba, Mma. Suna nan ne ya cinye ni kraa. Ni na ce a yanka biyu? Surukata ne. Ya ce ’yarsa haihuwan fari ne, ya kusa mutuwa, dole duniya ya sani. ’Yan ƙungiyan su Fulera kowa an yi masa, in ni ban yi ba, ina zai sa fuska? Shekaranjiya mai kanofi ya zo da yaransa, suka ɗauke injin iskana, sai da na ranto na biya. Mai kiɗa kullum yana kira, har uwata yana zagi.”

“To ni fa?”

Ya ɗago ya dube ta, idanunsa jawur.

“Kai uwa ne, Mma. Kai ba za ka zage ni ba.”

Ba da wayo ya faɗa ba, kuma da ma da wayon ne da ya fi sauƙi. Gaskiyarsa ya faɗa. A layin masu bin Mutala ita ce ta ƙarshe, ba don nata ne ƙarami ba, sai don ita kaɗai ce ba za ta ɗaga murya a bakin titi ba. Ta dubi ƙafafunsa cikin silifa mai ɗinki, ta dubi rumfar da ko inuwar kirki babu, tausayi da takaici suka cakuɗe mata, ta rasa wanda za ta bi.

Da ta miƙe, ya laluba aljihu ya damƙa mata ’yan takardu a dunƙule, ya ce ta hau mota. Ba su kai kuɗin ledar ruwa biyu ba. Ta so ta mayar masa, sai ta tuna firij. Ta karɓa, kuma karɓar nan ta fi duk abin da ya faɗa yi mata ciwo.

*

Magana a Zongo ba ta kwana a inda aka yi ta. Washegari ranar awo ce, masu ciki sun cika benci har waje, sai ga Mulikatu ta faɗo ko sallama babu.

“Mma Nas, gaskiya ne abin da na ji? Wai ka je wurin aikin surukina ka bi shi bashi a gaban mutane?”

“Zo mu shiga ciki, Mulikatu.”

“Ba na shiga! A nan zan faɗa, kowa ya ji. Mun ɗauki jininmu mun ba ka. Mutum nawa ne a dangi suna jira a sa sunansu? Uwan Mutala yana nan da ransa, muka tsallake shi don kai. Kai da Allah bai ba ka ko ɗaya ba, mu mun ba ka, shi ne za ka sa masa farashi?”

Wata ta sunkuyar da kai tana wasa da katin awonta. Fa’iza ta yo waje da abin awon jini a hannu, za ta mayar da martani, Rahinatu ta damƙe wuyan hannunta. Maganar ta shige ta har ƙashi. Shekara da shekaru tana zaton ciwon nan ya warke, ashe rufe shi kawai aka yi da sunayen ’ya’yan mutane.

“Ki yi haƙuri,” ta ce. Ita ce ta ba da haƙuri.

Akwai gidaje da yawa da ta yi niyyar shiga bin bashi bayan Mutala. Ba ta shiga ko ɗaya ba. Ko ba ta shiga ba ma labari ya riga ya zaga cewa Mma Nas ta fara son abin duniya, tsufa ya zo mata da kwaɗayi. Masu gaishe ta daga nesa suka rage murya. Haihuwa dai ba ta ragu ba, don naƙuda ba ta jin tsegumi.

Ta sayar da awarwaron zinaren da marigayi mijinta ya sayo mata a Makka. Kuɗin suka tafi wurin mai magani, da lasisi, da wani abu a hannun Fa’iza, ko ƙamshin haya ba su ji ba. Ta je banki, aka tambaye ta takardar fili ko ta gida, abin da ba ta taɓa mallaka ba. Ta dawo a trotro tana kallon taga.

Sai Fa’iza ta samu aiki a wani babban asibiti a unguwar Madina. Ta kasa faɗa a tsaye, sai da ta durƙusa.

“Mma, uwata ba ta da lafiya a Tamale, ƙannena na makaranta. Na yi iya yina.”

“Kin yi, ’yata. Har kin wuce. Tashi, Allah ya yi miki albarka.”

Suka rungume juna suna kuka a ɗakin da suka saba hana mata kuka.

Da wa’adi ya cika Abdulmajeed ya dawo. Wannan karon ita ta ja gaisuwa. Ta roƙi a karɓi na wata-wata, ya ce ya gwada, ƙannensa sun ƙi. Ta roƙi a ƙara mata lokaci, ya ce mai firij ya ce ko yanzu ko ya nemi wani wuri. Da ta ga ƙofofi sun ƙare, sai ta ji bakinta ya faɗi abin da ba ta taɓa zaton zai faɗa ba.

“Abdul, ’yarka ta biyu fa sunana gare ta.”

Kunya ta kama shi, ta kama ta ita ma fiye da shi.

“Haka ne, Mma. Wallahi haka ne. Amma gidan nan ba nawa ba ne ni kaɗai, akwai marayu a ciki.” Ya murza hularsa. “Takwara daban, haya daban.”

Ta gyaɗa kai. Ba ta ga laifinsa ba. Ta dai yi mamakin yadda kalmomi huɗu suka fita daga bakinsa lafiya lau, alhali ita ta shekara da shekaru suna maƙale mata a wuya.

*

Unguwa ba ta yarda da gaske ba ne sai ranar da masu sayen tsohon ƙarfe daga Old Fadama suka zo da amalanke. Gadon haihuwa ya yi tsatsa a ƙafafu, babu asibitin da zai saya, a kan sikeli aka auna shi. Wani mai kantin magani ya ɗauki firij. Mata suka taru a bakin ƙofa suna salati, masu goyo da masu ciki, ana ta ina za mu je yanzu. Ihu bayan hari. Wadda ta fi kowa kuka kuwa Mulikatu ce, kuma kukan gaske take yi, da majina da komai. Haka mutanen nan suke. Babu mugu ko ɗaya a cikinsu in ka tambaye shi.

Ƙungiyoyin mata suka zauna, suka ce abin kunya ne mace irin Mma Nas ta rufe aiki shiru kamar wadda ta yi sata. Dole a yi mata bikin sallama wanda Accra za ta ji. Aka fitar da yayi, leshi fari da kore. Duk uwar da ke da Rahinatu ko Sharfuddeen za ta saya wa kanta, ta saya wa yaron. Aka yi karo-karo na kanofi da kujeru da mai kiɗa da mai hoto da buhunan shinkafa. Kuɗi suka fito daga inda aka rantse babu su.

Tawaga guda suka zo ɗakinta sanar da ita, suka shimfiɗa mata nata leshin a kan gado, wannan karon kyauta. Rahinatu ta shafa shi da tafin hannu. Ta san farashin yadi, ta kuma san yawan matan.

“Da kun haɗa kuɗin nan kun ba ni a watan jiya,” ta ce a hankali, “da ƙofar nan tana buɗe.”

Suka dubi juna. Mulikatu ta yi dariya, ta dafa kafaɗarta kamar mai lallashin yaro.

“Haba Mma, kuɗin yayi ai ba kyauta ba ne. Kowa zaninsa ya saya, shi zai sa, a gan shi, a ɗauke shi hoto. Kuɗin haya wa zai gani?”

Ko da Rahinatu tana da amsa ma, makulli ya riga ya koma hannun mai firij.

*

Ranar Lahadi bayan la’asar aka toshe titin daga wannan baki zuwa wancan. Kanofi ya bi kanofi, motocin manyan baƙi suka cike abin da ya rage. Aka zaunar da Rahinatu a wata babbar kujera mai ruwan zinare kamar amarya. Yara cikin fari da kore suka yi layi suna zuwa suna durƙusa mata. Lasifika na dukan ƙirji. Mata na rawa suna liƙa mata kuɗi a goshi, yaran mai kiɗa na bi suna tsincewa. Daga inda take zaune tana hango tsohuwar ƙofarta, an fara shafa mata fenti ruwan ƙwai, da ƙaton kwaɗo sabo fil.

Wani ya taɓa hannun kujerar. Saurayi ne siriri cikin rigar aiki, gumi na zuba daga haɓarsa. Sai da ya kai bakinsa kunnenta ta ji shi.

“Mma, ni ne Imurana, mijin Awabu. Yana zuwa awo wurinka kafin ya tafi ƙauye wurin uwansa. Jiya ya dawo. Ruwa ya fashe tun azahar. Mun zo, ƙofa yana kulle.”

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta ratsa masu rawa, suna zaton fili ta shigo, suna guɗa suna tare ta da gyale. Ta sami Awabu a kan dakalin tsohon gidan haihuwar, yarinya ƙarama, ta riƙe ƙarfen ƙofa da hannu biyu, ta cije leɓe har ya fashe. Rahinatu ta dafa cikin, ta duba fuskar, ta ji irin nishin. Ta san nishin nan.

“A nemo tasi!”

“Na samo, Mma. Yana can bakin titi, ba hanya.”

“A ɗaga kanofi ɗaya mana!”

Imurana ya ruga. Ta hango shi yana roƙon yaran mai kanofi, suna nuna masa kunne, suna nuna waya, alamar sai maigidansu ya ce. Ta hango shi yana bin motoci yana tambayar masu su. Wani ya ce a kira mai firij ya kawo makulli, wani ya ce yana cikin gari. Ko ya kawo ma, babu komai a bayan ƙofar nan sai kwalaye. Awabu ta saki ƙarfen ta kama wuyan leshin Rahinatu.

“Mma, yana zuwa. Wayyo Allah, yana zuwa.”

Ko an buɗe hanya yanzu lokaci ya wuce. Rahinatu ta ɗaga murya, muryar aiki wadda ba ta da kunya, ta ce mata su zo su kewaye. Wasu suka dubi sabon ɗinkinsu suka ja baya. Tsofaffi ne suka tuɓe gyale suka riƙe gefe da gefe, suka yi mata ɗaki a bakin titi. Wata ta shimfiɗa zaninta a kan siminti.

Ta kai hannu gefenta don ta zaro safar hannu, kamar yadda ta saba yi ba tare da tunani ba. Leshin ba shi da aljihu. Ba safa, ba almakashi, ba allura. In abu ya zo da gardama, ba ta da komai a duniya sai addu’a, kuma ta san haka, tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba tun tana ɗaliba.

Kusa da su masu rabon abinci sun ajiye damin baƙaƙen ledoji sababbi na ƙulla wa baƙi shinkafa. Ta ce a miƙo mata biyu. Ta zura hannuwanta a ciki, ta durƙusa.

A can ƙarƙashin kanofi kiɗa ya tsaya. Mai gabatarwa ya hura lasifika.

“Ina uwarmu? Ina Mma Nas? A fito da shi fili ya karɓi kyautansa! A tafa masa!”

Tafi ya ɗauka daga wannan bakin titi zuwa wancan.

“Saurare ni, ’yata,” Rahinatu ta ce. “In na ce yunƙura, ki yunƙura.”

Ledar ta yi mata yawa, tana zamewa. Ta sa haƙori ta ƙulle bakinta a wuyan hannu, ta miƙa hannuwan biyu, ta jira.